Ƙafar Sufana, Hannayen Inna

Ƙafar Sufana ta ruɓe, kuma shi ya ruɓar da ita da hannunsa. Babu maye a ciki, babu sammu, babu bakin mutane. Salansar mota ce ta ƙone shi a ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, ƙunar da ba ta kai tafin hannun jariri ba. Ya yi abin da kowane bakanike yake yi tun kafin a haife mu. Ya buɗe gwangwanin man birki ya tsiyaya a kai, ya cije haƙora, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin mota. Haka muka tashi muka tarar a gareji. Mun yarda cewa maganin da bai yi zafi ba ruwa ne kawai, kuma ciwon da yake raɗaɗi shi ne yake warkewa. Sufana, laƙabin da aka sa masa a gareji ke nan, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa na san labarin ciki da waje. Amma ba don shi na ɗauki biro ba. Don matar da ta hana a yanke ƙafar ne, wadda ta ajiye aiki kwanan nan ba tare da an kafa mata rumfa ko an yi mata jawabi ba.

Inna Mai Auduga ake ce mata. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a barandar asibiti, bayan wurin karɓar magani, inda wari yake tarbar mutum tun kafin ya ga ƙofa. Ɗakin wankin ciwo ke nan. Gado ɗaya ne mai shimfiɗar leda, sai ƙaramar kujera da ta lotsa a tsakiya saboda zamanta, sai famfo, sai bokitin shara da ake taka shi da ƙafa ya buɗe baki. Tagar ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Kafin masu ciwo su cika benci ta riga ta iso. Ta goge gadon, ta dafa almakashi da hantsaki, ta yayyanka auduga ta jera a faranti, sannan ta fito bakin ƙofa ta bi benci da kallo. Ba fuskoki take fara dubawa ba, ƙafafu take dubawa. Daga yadda mutum ya ajiye ƙafarsa take gane wanda ya bi maganarta da wanda ya zo da shirin yi mata ƙarya. Ta daɗe a wannan ɗaki har yaran da ta wanke wa ƙunar ruwan zafi yanzu su ne suke riƙo hannun nasu 'ya'yan su kawo mata.

Sufana bai je wurinta da son ransa ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta dawo, ciwon yana nan sai faɗaɗa yake yi. Gefensa ya yi tauri kamar bakin taya, tsakiyarsa ta yi rawaya tana tsattsafar da ruwa. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Masu kawo gyara suka fara tsayawa daga nesa suna ɗaga murya, kamar shi kurma ne. Shi kuwa kullum da safe ya ƙara man birki, ranar da abin ya ba shi haushi ya haɗa da fetur. Sai da jikarsa ta toshe hanci ta ƙi hawa cinyarsa, sannan matarsa ta tsaya a kansa.

"Baban yara, ko ka tafi asibiti a tsaye, ko a ɗauke ka a kwance. Ni dai hannuna ya gaji da wankin zanin gado."

Inna ta warware tsumman ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta sunkuya ta shinshina ciwon, ta ɗago.

"Bakanike ne kai."

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙafarka. Man birki nake ji, da ɗan fetur a ƙasa-ƙasa. Ka ɗauka motar haya Allah ya ba ka a madadin ƙafa?"

"Inna, da shi muke warkewa tun muna yara."

"To ai ga shi ka warke. Ɗora min ita nan."

Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Sufana ya damƙe bakin gado yana jiran zafi, zafi bai zo ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce wannan ai ruwa ne, ko ƙaiƙayi bai ji ba. Ta ce da shi, "Jin wani abu ka zo yi, ko warkewa?" Ta tsince mataccen nama da hantsaki, ta shimfiɗa auduga mai laima, sannan ta ɗauko bandeji ta fara abin da daga baya muka gane shi ne ainihin sana'arta. Daga gindin yatsu take farawa, ta hau har ƙasan gwiwa, kowane zagaye yana rufe rabin wanda ya gabace shi, tana ja tana sassautawa, tana zura ɗan yatsa ta ji. Ta ce masa tsayuwar shekaru ta sassauta jijiyoyin ƙafarsa, jinin da ya sauka ba ya iya hawowa, sai ya taru ya kwanta kamar ruwa a lambatu. Naɗin ne yake tura shi sama. In ya yi tauri da yawa ƙafar ta mutu, in ya yi sako-sako ya zama ado. Tsakanin biyun nan babu ma'auni sai hannun mai naɗi.

Da aka ɗauki hoton ƙafar, likitan tiyata ya shigo ɗakin da kansa. Mutum ne da ba ya zagaye-zagaye. Ya ce ciwon ya kusa taɓa ƙashi, kuma ranar da ya shiga, sai a yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba a rasa mutumin gaba ɗaya. Sufana kuwa, abin da yake gani a ransa ramin gyara ne, da yadda ake sauka cikinsa a fito, da yadda ake dafe ƙasa da ƙafa biyu a ja sufana a kan notin da ya yi tsatsa. Bai san wata sana'a ba, kuma gida guda yana kansa.

"Likita, ka bar min shi tukuna," in ji Inna.

"Na bar miki, Inna. Ga maganin sha zan rubuta masa. Amma zan riƙa leƙowa, kuma ranar da ƙashi ya kamu ba zan saurari kowa ba, har ke."

"Na ji."

Da farko abin ya tafi daidai. Ruwan ya ragu, warin ya ja baya, sannan ciwon ya daina zogi. Nan ne fa Sufana ya tsorata. A gareji aka zauna aka yi masa fashin baƙi. Mai faci ya rantse cewa ciwon da ya yi shiru ciki yake ci, mai walda ya ce shi ma haka ya ji daga bakin ogansa. Ranar, a bayan wata tsohuwar bas, Sufana ya warware naɗin Inna, ya kwarara man birki, ya ji zafin da ya saba har hawaye suka zo masa, hankalinsa ya kwanta. Ya mayar da bandejin yadda ya iya.

Da ya koma asibiti, tun yana kan benci Inna ta hango.

"Wa ya naɗe wannan?"

"Ke mana."

"Ni? Ko a mafarki ban yi wannan aika-aikar ba. Shigo."

Ta buɗe ta duba. Sabuwar tsokar da ta fara tsirowa a gefe ta yi fari fat, ta mutu. Sufana ya shirya wa faɗa, ya ma tanadi amsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta lakato mugunyar ta shafa a kan ɗan gilashi, ta ce ya biyo ta. Ya bi ta yana ɗingishi har ɗakin gwaje-gwaje. Ta roƙi mai gwajin jini ya rina gilashin ya ɗora a ƙarƙashin madubinsa, ta ce Sufana ya kara idonsa. Ta ce ita ma haka wani tsohon likita ya nuna mata lokacin da ta fara aiki, kuma daga ranar ta daina ƙyamar mugunya.

"Me ka gani?"

"Wasu ɗige-ɗige masu tabo a ciki. Sun yi yawa."

"Naka ne. Fararen ƙwayoyin jininka ke nan, su ne garkuwar jikinka. Da fata ta yage, ayarin farko su rugo, ba su san komai ba sai faɗa. Su kashe ƙwayar cuta, su watsa guba ko'ina, su mutu a wurin. Mugunyar da kake matsewa kana tsaki, gawarsu ce. Bayansu sai manya su iso, masu babban ciki, su haɗiye gawa da datti. Ni 'yan shara nake ce musu. Akwai wasu ƙanana kuma da ba sa cin komai, su dai su riƙe kamannin abokin gaba su riƙa ba da umarni. In 'yan shara suka ga wuri ya yi tsaf, sai su ajiye tsintsiya su kira magina, a fara cike rami da sabuwar tsoka. Kai kuwa duk ranar da suka kusa gamawa sai ka kwarara musu man birki. Ya ƙone abin da aka gina, su ga sabuwar gawa, su sake kiran 'yan faɗa. Fiye da shekara babu wanda ya gaya musu an daina yaƙi. Yanzu sun saba, har lafiyayyen nama suke ci. Wannan kumburin da kake gani, da jan, da zafin, ba cuta ce kaɗai ba. Mutanenka ne da suka kasa tsayawa."

Sufana ya daɗe da idonsa a kan madubin. Da ya ɗago ya ce, "Wato inji ne da totur ya maƙale. Yana ta ihu har ya cinye kansa."

"Wannan kai ka sani. Ni dai na ce ka ƙyale su su huta."

Daga ranar bai sake taɓa bandejin ba. Ta kafa masa doka, tsayuwa ta haramta, in ya zauna ƙafa ta fi ƙugu tsawo. Ya ce to da me zai ci abinci? Ta ce ai aikin ƙarƙashin mota a kwance ake yinsa, ya kwanta ya ɗora ƙafar a kan taya. Haka muka riƙa ganinsa a gareji, rabin mutum a ƙarƙashin mota, farar ƙafa ɗaya a sama kamar tuta. Aka yi ta tsokanarsa. Ya ce duk wanda ya sake kawo masa zancen ciwon da ya yi shiru, da sufana zai amsa masa.

Ke ce, Inna, kike zama ƙasa da wanda kike yi wa aiki, kanki a sunkuye a kan abin da 'ya'yan cikinsa suke juya wa baya. Mun zauna a bencinki mun gani. Mun ga tsohon da aka kawo a keken guragu, bayansa duk ya ɓare saboda kwanciya, 'ya'yansa suka tsaya can bakin baranda suna ta danna waya. Ba ki zage su ba. Kin kira babbar kin ce ta riƙe miki faranti, gobe kika ce ta riƙe auduga, kafin wata ya ƙare ita take juya mahaifinta a gida. Mun ga matar da ciwo ya ci mata nono, da kika cire mayafinki kika toshe tagar nan da ba ta rufuwa don kada ido ya faɗa kanta. Wani ɗan dako ya ba mu labari da bakinsa, cewa ranar da ya ce miki ya gaji, a bar shi ya mutu da diddigensa, kin ce masa ya mutu in yana so amma ba a layinki ba, akwai mutane a bayansa. Ya yi dariya, ya dawo washegari. Yau yana tura baro a kasuwa. Uwar marasa mai duba su, ba ki taɓa toshe hanci a gaban mai ciwo ba.

Bakanike hannu yake kallo. Shi ya sa Sufana ya riga kowa a bencin lura da abin da yake faruwa. Ya ga ta daina murɗa murfin kwalba da yatsu, sai ta matse ta a hammata ta murɗa da tafin hannu. Ranar da ya yi sammako ya tarar da ita ta tsoma hannayenta a kwanon ruwan ɗumi, idonta a rufe, tana jiran yatsun su yarda su lanƙwasa. Gaɓɓan sun kumbura, sun yi sheƙi. Ya ce cikin wasa ko ya kawo mata man giyar mota ta ɗiga. Ta ce ya kula da ƙafarsa.

Ana cikin haka wata mata ta zo gareji da rana tsaka, ba ta zo da mota ba. Ta tsaya kusa da farar ƙafar da take sama.

"Kai ne mai ƙafar?"

Ya turo kansa daga ƙarƙashin mota. "Ni ne. Lafiya?"

"Mahaifiyata ce take naɗe ka."

Ya tashi zaune, ya sa a kawo mata kujera, ta ce a tsaye za ta faɗa ta wuce. Ta ce an gano Inna tana da ciwon gaɓɓai, irin wanda jiki da kansa yake cin mahaɗar ƙashi. Likitanta ya rubuta mata magani mai ƙarfi da yake kwantar da garkuwar jiki. Amma ya ce in ta fara shi ba zai yarda ta wuni da fuskarta a kan mugunya ba, sai dai a ɗauke ta daga ɗakin. Ya kuma gaya mata a gaban 'yar cewa duk watan da ya wuce ba magani, ƙashin da aka ci ba zai dawo ba. Inna kuwa ta ce a dakata, sai an sami wadda za ta riƙe ɗakin, kuma sai ƙafar bakanike ta rufe.

"Baba, ba roƙonka na zo yi ba," in ji 'yar. "Na zo ne ka sani. A gida ni nake tsefe mata kai yanzu."

Sufana bai koma ƙarƙashin motar ba ranar. Washegari bai jira layi ba, ya faɗa ɗakin.

"Inna, ki sha maganinki."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Yarinyar nan ce ta kai maka tsegumi ko? Bakinta kamar na ubanta."

"A ba ni wata ta naɗe ni."

"Akwai wata ɗin? Ka ga layin masu neman aikina a bakin ƙofar nan? Waɗanda ake turo min yara ne masu kirki, amma kafin hannunsu ya faɗa an mayar da su wani ɓangaren, asibiti babu isassun ma'aikata. Naɗi ba a mako ake koyonsa ba."

"To a yanke. Ni na jawo wa kaina."

"Bayan na kawo ta nan? Kai, bakanike, ka fita idona." Ta warware bandejin ta nuna masa da bakin hantsaki. "Dubi nan. Wannan jan mai ƙuraje-ƙuraje sabuwar tsoka ce. Wannan ɗan farin zaren a gefe, fata ce take tahowa. 'Yan shararka sun ajiye tsintsiya. In naɗi ya kuskure yanzu, ƙafa ta sake kumbura, duk wannan ya fashe, kuma a wannan karon ƙashi zai tafi kai tsaye. Likita yana can da wuƙarsa, ba zai yi min alfarma sau biyu ba."

"Naki 'yan sharar fa?"

Ta ɗauko sabon bandeji. "Nawa babu ramin da za su cike. Gaɓɓaina suka ɗauka abokan gaba. Ni ban zuba musu man birki ba, haka Allah ya so."

"Hannunki ne fa, Inna."

"To ai ka faɗa, nawa ne. Miƙe ƙafar."

Ya miƙe. Yana kallon kumburarrun yatsun a kan bandeji, tana cije leɓe a kowane zagaye, kuma naɗin ya fito daidai kamar kullum. Wannan ƙaton da salansa ta ƙone bai ce wayyo ba, ya juya fuskarsa bango don kada ta ga idonsa.

Abin da ya rage masa shi ne ya gaggauta warkewa, kuma ya yi da taurin kan da ya ruɓar da ƙafar tun farko. Ya bar gareji a hannunmu, ya kwanta a gida da ƙafa a kan matashi uku kamar mai jego. Ya daina taba. Matarsa ta fara raka shi, ita take warware tsohon bandeji ta wanke gefen ƙafar, don Inna ta ajiye ƙarfin yatsunta saboda naɗi. Mu kuma muka wanke baƙin mai daga hannu, muka sa kayan kirki, muka je wurin shugaban asibitin. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce ya sani, ya nema, amma ɗakin wankin ciwo ba ɗakin da ake rububi ba ne. Muka ce za mu dawo. Muka yi ta dawowa har mai gadi ya fara gaishe mu da suna. A ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya daga ɓangaren yara, mace mai shekaru, ta ce ita za ta zauna. Inna ta ɗora hannunta a kan nata, suka yi ta naɗe ƙafafu tare, tana cewa ja, saki, ja, har hannun matar ya gane da kansa. Wannan ma ya ci watanni.

Ciwon ya yi ta tsukewa daga gefe, daga faɗin tafin hannu ya koma kamar murfin kwalba, ya koma kamar kan ƙusa. Wata safiya Inna ta ɗaga auduga ta ga babu laima. Fata ta haɗe, baƙa, siririya kamar takarda. Likitan tiyata ya zo ya danna nan ya danna can, ya ce, "Inna, kin ci." Ta ce ba ita ba ce, jikin mutumin ne ya yi aikinsa da aka ƙyale shi. A cikin wannan makon ta fara shan maganinta. Zogin ya ragu, kumburin ya sauka. Amma yatsun sun riga sun karkace gefe guda, biyu sun naɗe ciki sun ƙi miƙewa. Likitanta ya duba hoton ya ce abin da ya faɗa tun farko. Ta miƙa ɗakin ta koma gida.

Ba zan ce ta yi daidai ba. Likitanta gaskiya ya faɗa, 'yarta gaskiya ta faɗa, kuma duk wanda aka rubuta wa magani ya sha shi a kan lokaci, kada ya ce ai Inna ma ta jinkirta. Abin da nake cewa shi ne bai kamata a ce mace ɗaya ce take tsaye tsakanin ƙafafun gari guda da wuƙa ba. Laifin namu ne. Namu ne mu 'yan gareji da muka mayar da gwangwani likita, kuma na duk wanda ya toshe hanci ya wuce ɗakin nan na ƙarshe yana sauri. 'Yan uwana makanikai, man birki na mota ne, ku bar shi a mota. Ciwon da ya haura makonni bai rufe ba, a kai shi asibiti tun yana ƙarami. Ku kuma yara masu karatun jinya, na san kowa ɗakin tiyata yake so, inda ake sa koren kaya ana ji da kai. Ku leƙa ƙarshen baranda. Ku ja ƙaramar kujera ku zauna, ku koyi naɗi tun akwai mai koya muku, don kada wadda take can yanzu ita ma ta zama ita kaɗai.

Inna, ke ce kika ji warinmu ba ki gudu ba, kika ji ƙaryarmu ba ki kore mu ba. Ba mu da lambar yabo da za mu rataya miki. Mun gode, a madadin yayana da matarsa da duk wanda ya taɓa zama a bencinki. Allah ya saka miki, ya sassauta miki, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da yadda kika yi mana.

Kwanakin baya Sufana ya je gaishe ta a gida. Ya same ta a zaune a inuwa, hannayenta a kan cinya. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Naɗe wandon in gani."

Ya naɗe. Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. Ta kai hannu za ta danna fatar, yatsun suka ƙi, sai ta juya ta shafa wurin da bayan hannunta.

"Babu zafi. Kana sa safar da na ce?"

"Kullum, Inna."

"Ƙarya kake, amma ƙafar ta yi kyau."

'Yarta ta kawo ruwa, ta miƙa wa baƙo nasa, ta ajiye na Inna a gefenta. Inna ta matse kofin tsakanin wuyan hannayenta biyu ta ɗaga. Bai kai bakinta ba ya zame, ruwan ya zube mata a jiki. Sufana ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna, kuma ya ɗora ƙafar nan a kan kujera. 'Yar ta sake cika kofin, ta durƙusa a gabanta, ta riƙe mata a baki ta sha.